Bayanin wanda aka zalunta a kotu, da inda ya kamata ya tsaya

A tsarin shari'ar laifi da ƙasashe da yawa suka gada daga Ingila, gwamnati ce ke gurfanar da wanda ake tuhuma, shi kuwa wanda aka cuta matsayinsa bai wuce na shaida ba: a tambaye shi abin da ya gani, ya amsa, ya sauka. Babu mai tambayarsa yadda barci ya ƙaurace wa idanunsa, ko halin da marayun da aka bari suke ciki. Don cike wannan giɓi ne aka bai wa wanda aka zalunta, ko iyalansa idan ya rasu, damar bayyana wa kotu illar da laifin ya yi musu, bayan an samu mutum da laifi kuma kafin a yanke masa hukunci.

Ina goyon bayan wannan dama, kuma wanda ya bi zaman kotun Christchurch ta ƙasar New Zealand a watan Agustan 2020 zai gane dalili. Kimanin mutum 90 ne suka yi bayani a gaban mutumin da ya kashe masallata 51 a 2019, wasu cikin kuka, wasu cikin fushi, wata uwa kuma da ta rasa ɗanta ta dube shi ta ce ta yafe masa. Hukuncin ɗaurin rai da rai da ya samu, da wuya a ce bayanansu ne suka jawo shi, domin girman laifin kaɗai ya isa. Ribar da suka samu ita ce an saurare su da bakinsu.

Damuwata tana farawa ne daga inda bayanin ya zama ma'aunin hukunci. Kotun Ƙolin Amurka ta hana gabatar da shi a shari'ar da ake neman hukuncin kisa a 1987, sannan a 1991, a shari'ar Payne da jihar Tennessee, ta sauya matsayi. A can wata kaka ce ta shaida cewa jikanta ɗan shekara 3, wanda ya tsira da raunuka, yana kukan neman mahaifiyarsa da ƙanwarsa da aka kashe, bai fahimci abin da ya hana su dawowa gida ba. Wane ne zai ji wannan zuciyarsa ba ta karye ba? Amma a ɗauka an kashe mutum biyu ta hanya ɗaya, ɗaya yana da dangi masu ilimi da iya tsara magana, ɗayan kuwa ba shi da kowa da zai tsaya masa. Idan makashin na farko ya sami hukunci mafi tsanani, to kotu ta auna darajar mamata ne maimakon girman laifi, alhali jinin wani bai fi na wani ba.

Shi ma alƙali ɗan Adam ne. A 2018, bayan mata fiye da 150 sun yi bayani a kan likita Larry Nassar, wanda ya ci zarafinsu ta hanyar lalata, a jihar Michigan, alƙaliyar da ta yanke masa hukuncin ɗauri ta ce masa ta sanya hannu a takardar mutuwarsa. Laifinsa ya kai intaha wajen muni, amma irin wannan furuci ya fi kama da na mai gabatar da ƙara.

Shi ya sa nake ganin Ingila da Wales, waɗanda suka fara tsarin a 2001, sun fi kusa da daidai. A can bayanin yana nuna cutarwar da aka yi, lauyan wanda ake tuhuma yana ganinsa kuma yana iya ƙalubalantar abin da ke ciki, ra'ayin iyali kan yawan shekarun da za a ɗaure mutum kuwa ba ya shiga lissafin alƙali. Haka kuma, wanda baƙin ciki ko tsoro ya hana shi rubuta komai, ba a ɗaukar shirunsa a matsayin hujjar cewa ba a cuce shi ba.