Yadda Jakin Lamu Ya Kai Ni Wurin Gini

Lamu tsibiri ne a gaɓar tekun Kenya ta arewa, can wajen iyakar Somaliya. Jirgin sama ma ba ya sauka a kansa, a tsibirin Manda ake ajiye mutum, ya shiga kwale-kwale mai inji ya tsallaka. Maulidi ne ya kai ni. Wani aminina ɗan garin, da muka san juna a Mina, shi ya ishe ni da cewa wanda bai ga Maulidin masallacin Riyadha ba, bai ga Maulidi ba. Habib Saleh, sharifin da ya zo daga tsibiran Komoros ya rasu a 1935, shi ya kafa masallacin, kuma har yau daga ƙasashe da dama ake zuwa taron.

Garin ya haura shekara 600, kuma da alama waɗanda suka gina shi ba su yi lissafin mai ƙiba ba. Gidajen dutsen murjani ne da itacen bakin teku, hawa biyu hawa uku, da ƙofofi masu sassaƙa abin sha'awa. Lungunan kuwa, in ka ware hannuwa sai ka taɓa bango dama da hagu. Mota ba ta shiga. Jakai ne dubbai, su ne tasi, su ne tifa, har asibitinsu gare su a bakin ruwa tun 1987. Da na ga jaki a layin ganin likita, sai na tuna da namu na gida, na ce Allah Ya ba su haƙuri.

Ranar babban taro aminina ya riga ni fita, ya ce in same shi a masallaci. Na ɗauko shadda fara, babbar riga da ta sha bugu, na kafa zanna bukar, na fesa turare. Mai masauki ya ce tafiyar ba nisa, in taka da ƙafa. Ni da a kan jaki na yi wayo, da wannan shiga in bi lungu ina tsallake kwata? Na kira wani yaro mai jaki, muka yi ciniki da guntun Larabci da yatsu. Ya ce zai ja mini, na ce ya huta, tun ba a haifi babansa ba nake hawa.

Farkon tafiyar kamar hawan sallah. Muka wuce gaban tsohuwar ganuwar nan da Sarkin Pate, wani tsibiri da ke kusa, ya fara ginawa aka kammala wajen 1821 da taimakon Larabawan Oman, wadda ta zama gidan yari daga 1910 zuwa 1984. Dattawa na shan gahawa a ƙarƙashin bishiya, na ɗaga musu hannu, suka amsa da "Shehe!" Kaina ya ƙara girma.

A kwana ta gaba na karkata shi hagu, ya yi dama. Na yi masa tsakin da muke yi wa jakai a gida, ya kaɗa kunne ɗaya. Na dungure shi da dunduniya, sai ya ɗauka cewa na yi ya ƙara wuta. Muka faɗa wani lungu da ya matse har gwiwoyina suna goge farar ƙasar bango. Hannun rigar ya kama wata ƙusar tagulla ta jikin ƙofa, na ji "ɓarr!", ƙofar da wataƙila ta girmi kakana ta karɓi rabonta na shadda. Sai ga ayarin jakai daga gaba da mangalar yashi. Babu mai ja da baya. Nawa ya manne da bango, ya manna ni, suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shafa mini albarka a cinya.

Bai tsaya ba sai a cikin wani kango da ake gyarawa. Ya je gefen tarin yashi ya coge, ya sunkuyar da kai yana jira a sauke kaya. Ashe jakin magina ne, yaron haya kawai ya ba ni a lokacin hutunsa. Leburori biyu suka dube ni, suka dubi juna, suka kama ni ta hammata suka sauke. Yana jin nauyi ya ragu ya juya abinsa, ya tafi ɗauko wani lodin.

Shugaban maginan ya ba ni ruwa yana danne dariya. Ya ce gidan wani Bature ne ya saya. Tun da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin kayan tarihin duniya a 2001 baƙi ke ta sayen tsofaffin gidaje, nan da ƙauyen Shela da ke kusa, 'yan gari kuma suna komawa bayan gari. Ga sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021, ga 'yan acaɓa sun cika bakin ruwa suna firgita jakai. A ganinsa garin ya lalace. Ni dai a lokacin, da ɗan acaɓa zai ɓullo, da na sumbaci goshinsa.

Ina kakkaɓe yashi sai ga wata Baturiya da kyamara, ashe tun daga lungu take bin mu. Ta tambaya ko kullum ake yin wannan wasan, ta miƙo mini shilin 200. Na karɓa. Da shi na biya tela.