Sarkin Yaƙin da Ya Ƙare a Aiken Niƙa

Ɗan ƙanwata ne ya jawo mini. Ya zo mana hutu, kwana uku yana kwance a tabarmar zaure da waya a hannu, ko ƙiftawa ba ya yi. Na ce masa, "Kai, wai me kake kallo haka kamar mai duba sakamakon jarrabawa?" Ya ce, "Kawu, ba kallo nake ba, yaƙi nake yi." Na leƙa, sai na ga wani ɗan mutum mai kai kamar kwalin ashana, tsaye a gindin bishiya yana ta sara. Na ce a garinmu dai wannan faskare sunansa. Ya ce in kawo wayata ya sa mini, zan gane.

Sunan wasan Old School RuneScape. Yana saka mini yana ba ni tarihi: wani kamfani ne mai suna Jagex a garin Kambirij na Ingila ya yi shi, asalinsa ya fito tun 2001, sannan a 2013 suka tono tsohon kwafin 2007 suka sake sakinsa saboda masu kewar tsohon yayi, a 2018 kuma ya sauko cikin waya. Da na yi lissafi sai na ga wasan ya girmi mai ba ni labarin. A nan na gane dalilin kawunan kwalin ashana.

Aka ce in zaɓi suna, kada ya wuce harafi 12. Ban yi wata-wata ba na rubuta Sarkin Yaƙi. Akwatin ya ce bai san harafin ƙ ba, na haƙura na zama Sarkin Yaki. Na sa wa mutumina gemu, na zaɓa masa riga mai mutunci, na gyara zama. A raina na riga na ga doki, na ga takobi, na ga ƙura tana tashi.

Sai aka ajiye ni a wani tsibiri da ake koya wa baƙi wasan. Wani mutum ya fara bayani, rubutu yana fitowa a ƙasan allo. Ni kuwa yadda nake yi wa takardar cikin kwalin magani haka na yi masa: na dinga dannawa yana wucewa, ban karanta ko layi ɗaya ba. Yaron ya ce, "Kawu, ka karanta fa." Na ce masa tun ba a haifi uwarsa ba nake karatu. Duk abin da ya same ni daga baya, daga wannan maganar ya samo tushe.

Wata kibiya mai ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a kan ƙofa, na nufe ta. Na ja yatsa a kan allo don mutumina ya bi, sai duniyar gaba ɗaya ta juya, na tsinci kaina ina kallon bango. Na sake ja, na koma kallon ƙeyarsa daga sama kamar shaho. Ashe jan yatsa juya ido yake yi, tafiya kuwa sai ka taɓa inda kake son zuwa, ko ka taɓa 'yar taswirar da ke kusurwar sama, a kafa maka jar tuta, mutumin ya bi ta. Akwai kuma ɗan kamfas a gefenta, in ka taɓa shi ya mayar da kai fuskantar arewa. Wannan kamfas ɗin, tsakani da Allah, shi kaɗai ne bai taɓa ba ni kunya ba.

Wata mata ta ba ni koma ta ce in kamo jatan lande. Ta ba ni gatari ta ce in saro itace. Ta ba ni ƙyastu ta ce in hura wuta. Kowane aiki sai wata sabuwar alama ta fara ƙyaftawa a gefen allo: ga jaka mai gurbi 28, ga shafin da ke nuna matakin gwanintarka a kowace sana'a, wanda ni duk inda na duba 1 nake gani, in ban da lafiyar jiki da aka ba ni 10. Hura wutar ma da ƙa'idarta: ka taɓa ƙyastu, ya yi farin zagaye, sannan ka taɓa icen. Na yi ta taɓa icen shi kaɗai ina jiran ya kama da kansa.

Ina cikin gashin jatan lande uwargida ta zo wucewa da kwanon wanke-wanke. Ta tsaya a kaina ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, girki kake yi?"

Na ce horon yaƙi ne.

Ta ce, "Ikon Allah. Shekara goma sha shida ko ruwan shayi ba ka taɓa ɗorawa a gidan nan ba, ashe data kake jira a saya maka." Ta wuce. Da ta dawo kuma ta tarar wani kuku ya ba ni gari da ruwa ina kwaɓin burodi. Wannan karon ba ta ce komai ba, kuma shirun ya fi maganar ciwo.

Sauran tsibirin da gudu na wuce shi. Na shiga rami na haƙo kuza da jan ƙarfe, na narka, na ƙera 'yar wuƙa. Na soki wata ƙatuwar gafiya a keji, wanda shi ne abu na farko da ya yi kama da yaƙi. Wani tsoho mai dogon gemu ya ba ni wasu duwatsu masu zane ya ce in jefi kaza da iska; na yi a'uziyya na jefa. Daga nan aka ɗauke ni sama aka dire ni a wani gari mai suna Lumbridge, a gaban fadar hakimi, da takobin tagulla, garkuwar katako, bokiti, tukunya da burodi ɗaya.

Burodin nan ni na gasa shi da hannuna, don haka na taɓa shi in ƙare masa kallo. Mutumina ya cinye. Ko bismilla babu.

A nan yaron ya yi mini bayanin da wataƙila yana cikin rubutun da na tsallake. Kowane abu a wasan yana da jerin ayyukan da za a iya yi da shi. In ka taɓa sau ɗaya, na saman jerin ake aikatawa ba tare da shawara da kai ba. In kana son ganin sauran, sai ka danna ka riƙe, jerin ya fito, ka zaɓa. Na ce na gane. Ban gane ba.

Na shiga fada ina neman wanda zai tura ni fagen fama, ƙafata ta kai ni kicin. Kukun fada yana ta salati: yau ranar haihuwar hakimi, mai suna Horacio, za a yi masa kek, shi kuma ya manta bai sayo ƙwai da madara da gari ba. Wai ko zan taimaka. Kafin in ankara na danna amsar farko, aikin ya hau kaina. Sarkin Yaki guda, an aike shi cefane.

Na haye gadar kogin Lum da bokitina, na wuce wasu korayen halittu masu dogayen kunnuwa da ke ta harara ta, na isa garken shanu. Na zaɓi wata lafiyayya, na taɓa ta da niyyar tatsa. Sai kawai mutumina ya zare takobi ya rufe ta da sara. Na ce, "Subhanallahi! Kai, tsaya!" Na dinga danna ta don ya bari, shi kuma yana ɗauka ƙarfafa masa gwiwa nake yi. Saniya ta juyo tana tunkuyi, jajaye da shuɗayen lambobi suna tashi a kanmu, har ta faɗi ta bar fata da nama da ƙashi a ƙasa. Na duba hagu na duba dama, ba wanda ya ce uffan. Da a rugar gaske ne, da yanzu dangi suna can suna haɗa kuɗin biyan diyya.

Na ce to wannan ba ta da nono ne, na gwada ta kusa da ita. Ita ma haka. Ta uku ma haka. Ina tsaye a kan gawa ta uku yaron ya dawo daga sallar la'asar, ya leƙa, ya zube a ƙasa yana riƙe ciki. Da kyar ya iya nuna mini wata saniya daban da ke tsaye wuri ɗaya ba ta motsi, da wata budurwa a gefenta. Ita ce ta tatsa. Sauran duk, abin da ke saman jerinsu hari ne. Na tatsi madarata, na kwashe fatun uku don kada a ce na yi ɓarna a banza, na biya ta akurkin kaji na tsinci ƙwai a ƙasa.

Saura gari, kuma a nan ne aka ci mutuncina. Injin niƙan yana can arewa maso yamma da garin, irin mai fukafukai da iska ke juyawa. Na taɓa alamar takalmi don mutumina ya yi gudu, ya yi gudu kaɗan, ƙarfin ya ƙare, ya koma tafiya kamar mai rakiyar amarya. Na tsinki alkama a gonar da ke kusa, na shiga, na tsaya ina jiran mai inji ya karɓa ya auna. Babu mai karɓa. Kai ne za ka hau tsani hawa biyu, ka zuba alkamar a mazurari a can ƙoli, ka ja sandar inji, ka sauko ƙasa, ka tara tukunya. Na hau, na zuba, na sauko, babu gari: ban ja sanda ba. Na koma, na ja, na sauko, na tara. Gari ya cika tukunya fari tas.

Sai na tuna darasin burodi. Na ce yau ba za a maimaita ba, zan duba garin nan ta hanyar da ta dace. Na danna na riƙe, jeri ya fito, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, babban yatsana kuwa kamar kan taɓarya. Na nufi layin da ke cewa a duba, na sauka a kan wanda ke cewa a zubar.

Tukunya ta koma fayau.

Na ajiye wayar a kan tabarma, na fita ƙofar gida na sha iska, na gaisa da maƙwabta. Ɗaya ya tambaye ni ko lafiya, na ce gari ne ya zube mini. Ya ce Allah ya mayar da alheri, har yana tambayar kwano nawa ne, ga tsadar abinci. Ban iya ba shi amsa ba.

Bayan isha'i na sake niƙa na kai wa kuku. Ladan da aka ba ni: maki 300 a fannin girki, da izinin in riƙa amfani da murhunsa. Na tambayi ko zan je walimar, ya ce ta manya ce. Yaron ya ce in yi haƙuri, ai an fara. Kaiwa mataki na 99 a sana'a ɗaya maki 13,034,431 kawai yake buƙata, kuma in ka kai 92 ka yi rabi ke nan. Yadda ya ce "kawai" ɗin ne ya sa na fara tausayin ƙanwata.

Washegari na ce ni fa yaƙi na zo yi. Na kama hanyar arewa zuwa babban birni, Varrock. Gab da ƙofar kudu na hango wasu mutane da baƙaƙen riguna a tsakiyar wasu duwatsu da aka jera a da'ira. Na ce bari in matsa in tambayi hanyar kasuwa. Ban kai ga sallama ba suka fara jifa ta da wasu ƙwallayen haske. Na ga lambar lafiyata tana sauka, 10, 7, 4. Na lalubi alamar takalmi, na buɗe shafin kiɗa. Na nemi abinci a jaka, jatan landen da ya rage ƙonanne ne, burodi kuwa an san inda ya tafi.

Na farka a wani ofis. Ƙwarangwal ne a zaune bayan tebur, da mayafi da lauje, yana yi mini bayani a natse kamar ma'aikacin fansho. Wannan karon na karanta kowane layi, har da maimaitawa. Ya ce wanda ya mutu ana bar masa abubuwa uku mafi daraja a cikin kayansa, sauran suna kabarinsa, yana da minti 15 ya je ya kwaso. Na dawo Lumbridge na buɗe jaka ina sa ran ganin takobi da garkuwa.

Fatun shanu uku.

Wato a kasuwar wasan, kuskuren da na yi a garke ya fi dukan kayan yaƙina tsada. Kabarin kuma yana can a tsakiyar masu baƙaƙen riguna. Na koma ɗauko takobi, suka sake aiko ni gida, a karo na biyu ma ko ofis ɗin ba a kira ni ba.

Ina zaune ina kallon fatuna uku, sai ga inuwa a kaina. Uwargida ce da bokitin masara, an surfa an wanke an shanya. Ta dire shi a gabana.

"Sarkin Yaƙi, yaran sun tafi Islamiyya. Na ji an ce yanzu ka san hanyar inji."

Na buɗe baki zan yi maganar girma, ta ce, "Wannan ba tsani, ba sanda. Ka miƙa, ka biya, ka tsaya a tankaɗe ka da ƙura, ka dawo."

Na sa hula na ɗauki bokiti. Na kai bakin zaure ke nan yaron ya ɗaga murya daga kan tabarma, yadda duk layin zai ji: "Kawu, in an niƙa don Allah kar ka tsaya dubawa!"