Facin zuciyar birai daban, ruwan da ake ɗaura wa majinyata daban

Tun da mujallar Nature ta wallafa sakamakon binciken Göttingen ta Jamus a Janairun 2025, inda aka yi wa birai facin tsokar zuciya, ake yayata cewa an gano maganin zuciyar da ta lalace. Irin labarin da masu sayar da "ƙwayoyin halitta na tushe" (masu iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) ta hanyar ƙarin ruwa ke jira ke nan, su kafa hujja da shi. Yaudara ce, domin abin da aka yi wa biran ko kama da hajarsu bai yi ba.

Tun kafin binciken Jamus, a Jami'ar Washington da ke Seattle ta Amurka, tawagar Charles Murry kan zura siririn bututu mai balan-balan a jijiyar zuciyar biri, ta toshe jini na minti 90 a gwajin 2014, sa'o'i 3 a na 2018, har tsoka ta mutu ta bar tabo. Bayan mako biyu a buɗe ƙirji, a yi allura cikin tabon da gefensa. Kuma ba ɗanyun ƙwayoyin tushe ake sawa ba, don suna iya zama ƙari. Sai an fara mayar da su ƙwayoyin tsokar zuciya masu bugawa, biliyan 1 a gwajin farko, kimanin miliyan 750 a na biyu, sannan a ɗora birin kan magungunan danne garkuwar jiki.

An ga amfani: a 2018, cikin wata guda kason jinin da zuciya ke turawa ya ƙaru da maki 10.6, na biran da ba a yi wa dashen ba kuwa 2.5. Amma biran ƙalilan ne. Ga kuma matsalar da 'yan talla ba sa faɗa: sababbin ƙwayoyin ba su gama ƙosawa ba, sukan riƙa tayar da nasu bugun, sai zuciya ta rikice ta yi ta gudu. Haka Yuji Shiba ya gani a Japan a 2016. A aladu ma rikicewar ta kashe wasu, shi ya sa aka koma gwada magungunan daidaita bugun zuciya, amiodarone da ivabradine.

Masu binciken Göttingen kuwa, ƙarƙashin Wolfram-Hubertus Zimmermann, faci suka haɗa mai ƙwayoyi miliyan 40 zuwa 200, suka ɗinke shi a jikin zuciyar biran ta waje. Har wata 6 ba a ga rikicewar bugu ko ƙari ba. Wannan ci gaba ne na gaske, amma tiyata ce, kuma gwajinsa a jikin mutane bai wuce na masu tsananin ciwo 'yan kaɗan ba.

Masu cewa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, su sani mafi yawan ƙwayoyin da aka ɗura ta jijiyar hannu a huhu suke maƙalewa. Wannan fanni ya taɓa shan kunya: a 2018 Jami'ar Harvard ta nemi a janye takardun bincike 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, mai nazarin ƙwayoyin tushe na zuciya.

A arewacin Najeriya ma, galibin raunin zuciya daga hawan jini ne da ciwon zuciyar masu jego, ba irin tabon da aka yi wa birai ba. Ya kamata hukumomin lafiya su hana duk wata talla da ba ta nuna rajistar gwajin asibiti ba, su kuma tambayi mai ita: wane irin ƙwayoyi, guda nawa, kuma wa zai sa ido kan bugun zuciyar majinyaci bayan an sallame shi?