A ɗauki ma'aikatan wasa kafin a sayi lilo

A unguwanni da dama na Birtaniya akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne su saɓa jaka su je filin unguwa da yamma, su yi kamar awa biyu domin yara su samu fitowa wasa. Tun da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu a 2010, ƙananan hukumomi da yawa a Ingila sun rage wannan aiki ko sun rufe shi. A ganinmu an yi kuskure babba.

Abin da ke tsare yaro a ɗaki sau da yawa tsoron iyaye ne: motoci, baƙin fuska, manyan yara masu cin zali. Sabon lilo ba ya kawar da ko ɗaya. Amma idan uwa ta san duk Talata ƙarfe huɗu akwai manya biyu da ta sani a filin, za ta bar ɗanta ya fita.

Biyu ake turawa, ba a tura mutum ɗaya, kuma sai an binciki tarihinsu kafin a ba su aiki da yara. Sukan riga yaran isowa, su zaga filin su tsince fasassun kwalabe, allurai da kashin kare. A jakar akwai igiya, tampol, alli, kwalaye, ƙwallo, ruwan sha da akwatin agajin gaggawa. Kayan da ba su da ƙayyadadden amfani sun fi komai daraja, domin kwalin da ya zama kanti yanzu, an jima jirgi ne. Ba a biyan kuɗi, ba ƙofa. Yaro ya zo ya tafi sanda ya so, shi ya sa tun ranar farko ake gaya wa iyaye cewa wannan ba gidan raino ba ne, ƙananan yara da babba za su zo.

Wurin da ya fi wuya shi ne kame hannu. Sabon ma'aikaci yakan busa usur ya raba yara ƙungiya-ƙungiya, nan take wasan ya koma darasin motsa jiki, manyan yaran su watse. Ƙa'idojin aikin da aka amince da su a 2005 sun ce yaro ne ke zaɓar wasansa, shi ke tafiyar da shi. Idan yarinya ta hau bishiya, ma'aikaci ya duba ƙarfin reshen da abin da ke ƙasa, ya auna amfanin hawan da girman haɗarin, sau da yawa ya matso kusa ya yi shiru. Hukumar kiyaye lafiya da haɗurra ta Birtaniya ma ta goyi bayan wannan awo a 2012.

Masu cewa ai da can yara suna langa da gaɗa a dandali ba tare da an biya kowa ba sun yi gaskiya, sai dai a lokacin akwai tsofaffi a ƙofar gida, mota kuma ba ta cinye titi ba. Wannan idon ne ma'aikacin ke maye gurbinsa.

Wales, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya, ta fahimci haka: dokarta ta 2010 ta wajabta wa ƙananan hukumomi su auna ko yara na samun isasshen wasa, daga 2014 kuma su samar da shi gwargwadon iko. Abin da ke kashe aikin shi ne a ba da kuɗinsa na lokacin hutun bazara kawai. Sai an yi watanni kafin maƙwabcin da ke ƙorafin hayaniya ya sauko, kafin iyaye su saki jiki. Idan aka janye ma'aikatan a Satumba bayan hutun, baɗi daga farko za a fara.