A fasa tayil saboda fenti?

Don Allah ku daina turo mini bidiyon nan, na gani. Na ga lebura da guduma yana farfasa tayil ɗin da ko shekara bai yi a ƙasa ba, na ji mai gidan da bakinsa yana cewa wai bai shiga da sabon fentin da ya zaɓa ba. Na kuma ga masu tafa masa, wai mutum ne mai aji, ya san abin da yake so. Aji? Wannan ɓarna ce tsagwaronta. An rusa abin da zai yi shekara ashirin ana taka shi, don a faranta wa abin da mai fenti ɗaya da rolarsa zai sauya cikin kwana biyu. Wa ke yanke ƙafa don ta shiga takalmi?

Ƙasa ake fara zaɓa, fenti ya biyo baya. Ku rubuta wannan ku liƙa a ƙofar gidan da kuke gyarawa.

Dalilin ba wani mai zurfi ba ne. Fenti yanzu inji ke haɗa shi, launi dubbai, ka kai samfur a auna a haɗa maka kusan irinsa kana tsaye. Tayil kuwa abin da kamfani ya gasa shi ne ke akwai, ba wanda zai kunna maka wutar masana'anta don ka ce kana son ya ɗan ƙara duhu. To wanne ya kamata ya bi wani? Mai zaɓi dubu ko mai zaɓi ashirin? In fenti bai yi maka ba, a matsar da kujeru tsakiyar ɗaki, a rufe su da leda, gobe ka kwana a ɗakinka. In tayil ne bai yi ba, sai an kwashe kayan gida kakaf, a fasa, a kankare simintin da ke ƙarƙashi, a sake daidaita daɓen, ƙura ta shiga har cikin akwatin da ka kulle. In an yi rashin sa'a kurfi ya huda bututun ruwa. In sabon daɓen ya ɗan fi tsohon tudu, ƙofofi ma sai an rage musu gindi.

Na san wanda zai fara zuwa cewa zai yi: kuɗinsa ne, ra'ayi riga. Mun ji. Ba wanda ya ce a kama shi. Amma tunda ya ɗora wa duniya ta gani, har ana cewa a yi koyi da shi, mu ma bakinmu namu ne. Ba shi nake ji ba, shi yana da abin da zai sake fasawa baɗi. Wanda nake ji shi ne mutumin da ya daɗe yana tari don ya gyara ɗaki biyu da falo, ya kalli wannan ya ɗauka haka ake yi: a fara da hoton bango mai kyau a waya, sannan a shiga neman ƙasar da za ta dace da shi.

Sai masu wayo su ce ai in aka fara sa tayil masu fenti za su ɗige shi. Malam, zaɓe na ce, ban ce shimfiɗawa ba. Ka zaɓi ƙasarka, ka saya, ka jingine ta a sito in ka ga dama. Jerin aiki wannan tsakaninka ne da ma'aikatanka, kuma ko yaro ya san ana rufe daɓe da kwali da leda kafin a yi shafin ƙarshe. Kada a kawo mana ruɗani.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutum zai yi wata guda yana gardama da iyalinsa a kan launin bango, amma ba zai yi minti biyar yana karanta jikin kwalin tayil ba. Alhali komai na rubuce a can. Akwai fosilen, akwai siramik na gama-gari, kuma bambancinsu ba a fuska yake ba. Fosilen na gaske ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari na nauyinsa ba, saboda an matse shi sosai an gasa shi da wuta mai tsanani. Ka juya bayan tayil ka ɗiga masa ruwa: in ya tsotse nan take, ka san abin da ke hannunka. Akwai lambar PEI, mai nuna yadda fuskar tayil ke jure taku, tana hawa har zuwa 5. Mai lamba 1 ko 2 ba na falo ba ne, ko da ya fi kowanne kyau a shago. Inda ake shige da fice da takalmi, 3 ko 4 ake nema. Akwai kuma lambar santsi da aka samo daga ma'aunin Jamus, daga R9 zuwa R13. R9 na busasshen wuri ne. Inda ruwa ke zuba, kicin, baranda, banɗaki, a fara daga R10 a yi sama. Sannan akwai lambar gashi: tayil iri ɗaya, suna ɗaya, kamfani ɗaya, in ba a gashi ɗaya aka fitar da su ba launinsu kan ɗan saɓa, wani lokaci har girmansu. Shi ya sa ake sayen na gida gaba ɗaya a lokaci guda, a ƙara kamar kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, a ɓoye ragowar. Ran da guda ya tsage bayan shekara uku, ka je nema ka ji an daina yin irinsa, ranar za ka gane amfanin kwali biyun nan da ka ce asarar kuɗi ne.

Maganar santsi kuwa ba ta raha ba ce, bari in sauke murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin mace-macen da ake yi ta hanyar tsautsayi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi mutuwa ta haka. Ba duka a banɗaki ba ne, na sani. Amma duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ƙugunsa ya karye ya san cewa wasu ba sa sake miƙewa. In akwai mahaifiyarka a gidan, ko mai juna biyu, ko yaran da ke fitowa daga wanka a guje, ka ji tsoron Allah kada ka shimfiɗa musu tayil mai ƙyalli inda ruwa ke taɓawa don kawai yana ɗaukar ido a hoto. Babu launin fentin da ya taɓa karya wa wani ƙafa. Ga wani dalilin da ya sa ƙasa ce farko.

Masu mabul, ku ma ku matso. Yana da kyau, ban musa ba. Sai dai dutse ne mai laushi, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana wajen 3, yashin da ke maƙale a takalminka yana wajen 7. Kowane taku gogewa ce. Kuma duk abu mai tsami yana cin fuskarsa, har da wasu ruwan wankin banɗaki, ya bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. Giranit ya fi shi juriya nesa ba kusa ba. Laminet kuma, wanda ake so saboda kamar katako, cikinsa garin itace ne da aka matse. Ruwa ya kwana a kansa ya shiga ta haɗin, sai bakin ya kumbura, kuma ba ya komawa. Ana bar masa tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango don ya samu wurin motsi, in ba haka ba ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Duk waɗannan shawarwari ne da ake yankewa da tunanin wa zai zauna a gidan da yadda zai zauna. Ina launin bango ya shigo a nan?

To ka zaɓi ƙasa, yanzu fenti. A nan ma ba a shago ake zaɓa ba. Ka ɗauko tayil guda ka ajiye shi a ƙasa a gindin bangon, kwance yadda zai zauna. Ka sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa faɗin mita guda, shafi biyu, ka bari ya bushe, don ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Ka duba da safe, ka duba da rana tsaka, ka duba da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da za ka riƙa kunnawa. Ƙwai mai lambar launin haske 2700K haskensa ja-ja ne, mai 6500K fari ne fat har yana ɗaukar shuɗi, kuma bango ɗaya zai zame maka biyu a tsakaninsu. Ina kyautata zaton abin da ya sami mutumin bidiyon ke nan: tokar tayil ɗinsa mai karkata zuwa shuɗi ce, fentinsa kuma ruwan madara mai karkata zuwa rawaya, suka ƙi jituwa. Maganin bokiti ɗaya ne na wani fentin. Ko ma canza ƙwai. Shi kuwa ya kira guduma.

Masu son gida ya haɗu ya zama abu ɗaya, sirrin ma a ƙasa yake. Daɓe iri ɗaya ya ratsa falo da lungu da ɗakuna, sai gida ya yi faɗi a ido, sannan ka yi wasanka a bango yadda kake so. Amma a ce falo fari mai ƙyalli, lungu baƙi, ɗakin Hajiya mai fure, na yara mai dara-dara, sannan a zo ana tambayar wane fenti ne zai haɗa kansu? Babu shi. Ba a haɗa shi ba tukuna.

Wai ana yayin toka-toka. A yi ta yayi. Ka kai yayin bango da labule da matasan kujera, inda in ya wuce za ka sallame shi ba tare da ka yi hijira daga gidanka ba.

Kuma kada wani ya ɗauka na raina fenti. Yana da nasa haƙƙin, ana kuma tauye shi kullum. Sabon filasta na siminti yana son kamar mako huɗu ya sha iska kafin a shafe shi. In aka yi gaggawa, danshi da gishirin da ke fitowa daga bango su tura fentin ya yi ƙuraje ya ɓare. Ana tsallake shafin fari na share fage don a rage kuɗi, ana tsinka fenti da ruwa har ya koma shayi, sannan a ce kamfani ne ya lalace. Bangon da ke jan ruwa daga tushe ko daga bututun da ke yoyo, ko fentin zinare ka shafa masa sai ya zubo. Fenti mara ƙyalli yana ɓoye ƙwarzanen bango amma ba ya son goga. Mai ɗan sheƙi shi ke jure tsumma, shi ya dace da kicin da lungun da yara ke bi da hannu. In kuma tsohon gida ne, a yi hattara da kankare tsohon fentin mai a bushe yara na wurin, domin wasu na da dalma a ciki. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan nan ba su hana ba.

Af, tunda ana maganar bidiyon, wani abu ya tsaya mini a rai wanda ba wanda ya kula da shi. Ku sake kallo, daidai inda aka haska banɗaki. Takardar kamfani na nan manne a jikin abin wanke hannu, ledar ƙofar ƙarfen ma ba a ɓare ba. Jama'a, wannan ɗabi'ar daga ina muka samo ta? Ledar nan ta kariya ce a hanya, an yi ta ne a cire da an gama aiki. In rana ta dafa ta wata shida sai ta manne, ta riƙa fita guntu-guntu tana barin danƙo, ka zauna da reza kana kankara kana tsine wa wanda bai ji ba bai gani ba. Mun yarda sabo ne. Ku ɓare.