Mai jinya ma majinyaci ne, kati ne kawai ba a yankar masa ba

Ka shiga kowane babban asibiti da ƙarfe uku na dare, ko na Birnin Kudu, ko na Haɗeja, ko Murtala da Malam Aminu Kano inda ake tura mutanenmu idan ciwo ya gagara. Kada ka shiga ɗaki, tsaya a baranda. Tabarmi ne a jere, buta a gefe, kula da ragowar tuwon jiya, leda cike da takardun magani. A kan wata tabarma akwai matar da ta baro ƙauyensu ta wajen Ringim ko Sumaila kwana goma sha biyu da suka wuce, da zani biyu a hannu, tana zaton kwana biyu za ta yi. Idonta biyu. Da ta ji tari daga ciki sai ta zabura. Ita ke juya mara lafiya, ita ke zubar da fo, ita ke bin layin magani, ita ke amsa wayar gida tana cewa "da sauƙi" alhali ta san babu sauƙin. Gari na wayewa 'yan dubiya za su kewaye gado, kowa "ya mai jiki?", ita kuwa sai "sannu da ƙoƙari" a tsaitsaye, in ma an tuna da ita.

A ganina ranar da aka ba mutum gado da ciwo mai tsanani, mutum biyu aka kwantar. Ɗaya yana da fayil da likita, ɗayan ba shi da kowa. Kuma sakaci da na biyun yana komawa kan na farkon kai tsaye.

Barci ne farkon abin da ke rushewa. Wanda ba ya iya motsi, kamar mai shanyewar ɓarin jiki, sai an juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu da dugadugai. Babba yana bukatar barcin awa bakwai, mai jinya kuwa gutsure-gutsure take samu. Dare uku ko huɗu a haka, sai mantuwa da saurin fushi su shigo. Nan ne ake ba da magani sau biyu saboda an manta an bayar. Nan ne gajiya ke sa a ɗura wa mara lafiya kunu yana kwance, maimakon a tayar da shi zaune a ba shi cokali-cokali, kunun ya bi hanyar iska ya sauka huhu, a wayi gari da zazzaɓi da nimoniya a kan ciwon da ake fama da shi. Da yawa cikin masu jinyar nan su ma suna da hawan jini ko ciwon suga, kuma maganinsu yana can ƙauye a kan taga, domin a gigice suka fito.

Don haka tun kwana na biyu ya kamata dangi su zauna, ko ta waya ce, su raba aikin. Masu kwana su zama aƙalla biyu suna karɓa-karɓa, kada kowa ya wuce dare uku a jere, kuma kullum a samar wa mai jinya awa huɗu na barcin da ba mai tashinta. Kuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya, da ɗan littafi yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, domin rigimar "ina kuɗin da na turo?" ta raba 'yan uwa fiye da ciwon kansa. Abin da muka saba shi ne a jibga komai a kan uwargida, ko bazawarar gidan tunda "ba ta da abin yi", ko a cire yarinya daga makaranta. Wannan zalunci ne, ko da ba da niyya aka yi ba. Idan kuma damina ce, maƙwabta su tuna cewa hankalin maigida ya kasu biyu, rabi a gefen gado, rabi a gonar da ciyawa ke ci. Gayyar wuni guda a gonarsa ta fi masa motar 'yan dubiya.

Bayan gajiya, abin da ya fi cin zuciyar dangi shi ne rashin sanin inda aka dosa. Likitoci da safe suke zagaye, sau da yawa daidai lokacin da mai fahimtar maganar ya tafi sayo magani, aka bar tsohuwa da kunya ba za ta bar ta ta yi tambaya ba. A ware mutum ɗaya wanda zai riƙa tsayawa zagayen, ya zo da tambayoyinsa a rubuce. Ranka ya daɗe, mene ne sunan ciwon? Maganin da ake yi na warkarwa ne, ko na rage wahala? Wace alama za mu gani mu kira nas nan take? Me za mu tanada zuwa mako mai zuwa? Idan likita ya gama, a maimaita masa abin da aka fahimta don ya gyara, saboda mutumin da ke cikin firgici kaɗan yake riƙewa cikin abin da aka gaya masa.

Ciwon ƙoda, wanda mutanen yankin Haɗeja suka san zafinsa, ya isa misali. Akwai ƙodar da ta tsaya farat ɗaya, sanadin zubar jini wajen haihuwa ko amai da gudawa mai tsanani. Wannan sau da yawa takan farfaɗo bayan an yi wankin ƙoda, wato tace jini da na'ura, 'yan lokuta. Akwai kuma wadda ta daɗe tana lalacewa har ta kai ƙarshe. Ita wannan wankin ba ya warkar da ita, riƙe rai kawai yake yi, sau biyu zuwa uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama, har sai an samu dashe. Iyalin da ba a bambance musu waɗannan biyun ba za su sayar da shanun huɗa, su jinginar da gona, suna zaton wanki uku ne a gama. Ranar da gaskiya ta fito, baƙin cikin ya zama biyu. Kafin a ɗaga kowace kadara a tambayi likita ƙarara: wanne ne namu?

Ɓoye wa mata ko uwa gaskiya, da sunan tausaya mata, shi ma ba ya aiki. Tana ganin maza suna ƙus-ƙus a bakin ƙofa, tana karanta fuskoki, sai ta zauna ita kaɗai da tsoron da ba ta da wanda za ta gaya wa. A zaunar da ita wuri mai sirri, da wadda ta yarda da ita a kusa. A fara da tambaya: "Inna, ke ya kika ga jikin nasa?" Yawanci za a tarar ta riga ta gane. A ba ta labarin kaɗan-kaɗan, a yi shiru a bar shi ya sauka, kada a cika wurin da surutu.

Wani abu da ke farfasa gidaje shi ne ruɗewar mara lafiya. Dattijo mai kawaici sai ya wayi gari yana zagin matarsa, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana cewa ga mutane can a jikin bango, abin ya fi tsananta da dare. Dattin da ƙoda ko hanta ta kasa tacewa yana jawo haka, haka ma zazzaɓi mai zafi, da faɗuwar suga, da ƙarancin iska a jini. Idan ba a yi wa dangi bayani ba, sai a ce iska ce ko sammu, a fara kallon kishiya ko facala, wani lokaci har a ɗauke shi daga asibiti. A gaya wa nas da zarar an ga canjin, domin alama ce ta jiki da ake iya nemo sanadinta. Addu'a da tofi a ci gaba da su a gefen gado, ba su hana magani ba. Matar kuma a gaya mata a fili cewa zagin nan ciwo ne ke magana, kada ta tafi da shi a zuciya har ƙarshen rayuwarta.

Mu 'yan dubiya muna da namu laifin. "Ai irin ciwon da ya kashe wane ne." "Da kun kawo shi da wuri." Ga mai zuwa da jiƙo a gora, ga mai zama awa biyu har sai an nemo masa ruwan sha. Minti goma ya isa dubiya. Kuma "in da wani abu a faɗa" magana ce da ba ta da amfani, tunda kara ba za ta bar Bahaushe ya faɗa ba. Ka zo da abin a hannu: dafaffen abinci, sabulu, zani wankakke, kuɗin mota. Ki ce, "Gwaggo, tashi ki yi wanka ki kwanta, ina nan har la'asar." Samari su tambaya ko ana neman jini; leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, lafiyayyen mutum kuwa yana ɗauke da kusan lita biyar.

Sai maganar haƙuri. Haƙuri gaskiya ne kuma ibada ne, amma mun mayar da "yi haƙuri, daina kuka" murfin rufe bakin mutum. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim. Sayyidina Usman kuma bai je Badar ba saboda jinyar matarsa Nana Ruƙayya, aka ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa na ganima. Jinya tana da wannan matsayi, mai yin ta ya cancanci a saurare shi.

Sauraren yana da yadda ake yin sa. Mace ta ja mace, namiji ya ja namiji, nesa da gadon, minti ashirin, waya a aljihu. Tambaya ɗaya ta isa buɗe ƙofa: "Yaya, yaushe rabonki da barci?" ko "Me ya fi tsaya miki a rai?" Daga nan a kama baki. Kada a kawo labarin wanda nasa ya fi muni, kada a yi alkawarin zai warke. Idan ta ce ta gaji har wani lokaci takan ji gara Allah ya ɗauke shi ya huta, kada a zaro ido; masu doguwar jinya da yawa suna jin haka, kuma jin laifin da ke biyo baya ya fi tunanin ciwo. Idan ƙirji na bugawa, numfashi na sama-sama, a koya mata ta ja iska ta hanci tana ƙirga uku har ciki ya taso, ta sake ta a hankali tana ƙirga uku, na minti biyu zuwa biyar, safe da dare. Sannan a ɗauki matsalolin ɗaya bayan ɗaya. A ware wadda ke da mafita, misali wa zai riƙe yara a gida, a lissafo hanyoyi, ta zaɓi ɗaya da kanta, a sa rana, a dawo a ji yadda aka yi.

Wannan da ake gani kamar hira ce, magani ne da aka gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari irinsa na zama biyar, mako-mako, wanda aka shirya don waɗanda ba likitoci ba. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata tun 2006, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu fama da abin da su ma suke kira yawan tunani. Muna da ungozomomi, da malaman Islamiyya, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi da mutane suka yarda da su. Ban ga abin da zai hana hukumomin lafiya na Kano da Jigawa horar da su ba, ko ya hana kowane babban asibiti ware ɗaki guda da awa guda a mako inda masu jinya za su zauna da ma'aikacin walwala.

Akwai inda hira ba ta isa. Idan mako biyu suka wuce mai jinya ba ta jin daɗin komai, ba ci, ba barci ko an karɓe ta, kuka ba ƙaƙƙautawa, tana ganin ita ce sanadin komai, wannan ciwon damuwa ne. Idan ta fara cewa gara ta mutu, a tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ta amsa da e, kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshi da shinkafar ɓera daga gidan, a kai ta ga likita a ranar. Hanya mafi kusa ita ce likitan da ke duba mara lafiyar, a ce masa, "Ita ma a duba mana ita." Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na Kazaure. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ƙasar ma ta ajiye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji aikinsa, shi ya sa wasu ke watsar da shi da wuri su ce bai karɓe su ba. Abin da za a guje wa shi ne sayen ƙwayar barci ko tiramol a kemis don a iya jure dare. Jiki yana sabawa da su, a fita daga jinya da wata sabuwar cuta.

Masu jinya da dama ba a asibiti suke faɗuwa ba, sai an koma gida. In an samu sallama, aikin da nas-nas ke tayawa ya dawo kanta ita kaɗai, dangi kuma sun ɗauka an gama. In rasuwa aka yi, ana sadakar bakwai gida ya watse, ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma da tambayar "da na yi kaza" tana cin ta. Kafin a baro asibiti, wani ya roƙi likita ya gaya mata da bakinsa abin da ya yi ajalin, da cewa ta yi iyakar abin da ɗan Adam zai yi. Karɓa-karɓar nan ta ci gaba a gida. A mako na biyu, lokacin da ƙafa ta ɗauke, wata ta je ta wuni da ita, ta raka ta asibitin garin a auna mata jini da suga.