Sunuka a Blackpool, garin da jakuna ke hutun Juma'a

Bulala ta ƙarshe da mahaifina ya yi mini, Allah ya jiƙansa, a kan sunuka ce. Ina aji huɗu na sakandare a Funtua wani maƙwabcinmu ya hango ni a rumfar mai tebur bayan tasha, sanda a hannu, alli a yatsu. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba bai ma tambaye ni ko na yi caca ba. A wurinsa, da wurin kusan kowane dattijo a unguwarmu, yaron da ya tsaya gaban teburin nan ya riga ya shiga sahun 'yan zaman kashe wando, sigari da sauran tarkace kuwa lokaci kawai ake jira.

Yau shekara 20 da 'yan kai, ga ni a Bradford ta Ingila ina tuƙin tasi, kuma duk daren Talata ina buga wa wata ƙaramar ƙungiya wasa a gasar unguwanni. A watan Satumba mu shida muka cika mota biyu, muka bi babban titin M62 muka ƙare a na M55, tafiyar kusan awa biyu, zuwa Blackpool. Gasar ƙarshen mako ce ta masu sha'awa, waɗanda ba da wasan suke cin abinci ba.

Abin da muke kira sunuka a gida, a nan ful suke ce masa. Sunuka ta ainihi teburinta ƙafa 12 ne, ƙwallo 22, hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙirƙiro ta a Indiya wajen 1875. Ful kuwa ƙwallo 15 ne da fara ɗaya. Wanda na koya a Funtua mai lambobi ne, irin na Amurka. Na Ingila bakwai ja ne, bakwai rawaya, sai baƙa, a kan tebur ƙafa 7 mai matsattsun ramuka, farar kuma ta ɗan fi sauran ƙanƙanta, don a teburin da ake jefa wa kwabo ita kaɗai ce ke dawowa idan ta faɗa rami. Ni dai bakina ya saba, sunuka zan ci gaba da cewa.

Zauren wani otal ne a bakin teku, an jera tebura sahu-sahu, kowanne da fitilarsa a sama. Ba a shiga da wandon jins, sai baƙin wando da riga mai kwala. Da sassafe na ga wani mutum yana bin teburan ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, yana murɗa ƙafafunsu. Na tsaya ina kallonsa ina dariya ni kaɗai. Teburin da na koyi wasa a kansa, kwalin sukari aka naɗe aka tokare ƙafarsa ɗaya, kuma kowa ya san ƙwallo tana gangarawa wajen ramin da ke gefen mai shayi. Baƙo ne kawai bai sani ba, shi ya sa baƙo ba ya ci. Ƙyallen ya sha faci, sandar ta ɗan karkace, sai ka juya ta a hannu ka nemo gefenta mai gaskiya. Duk wanda ya ƙware a irin wannan tebur, ranar da ya hau mai kyau ji zai yi kamar an cire masa kaya daga ka. Ban da son kai, akwai yara biyu ko uku a rumfar nan da na tabbata za su yi wa rabin zauren Blackpool wankin babban bargo.

Wasan farko na ci. Na biyu aka haɗa ni da wani tsoho, ya kai 70, tsohon direban bas ne, hannunsa har rawa yake in zai ɗauki kofin shayi. Na ce a raina yau na samu nama. Mu a gida jarumtar wasa ita ce zura ƙwallo da ƙarfi, ramin ya yi ƙara, 'yan kallo su yi ihu. Tsohon nan ba ruwansa da wannan. Sai ya tura ƙwallonsa a hankali ya toshe bakin rami, ya ɓoye farar a bayan wata, ya koma ya zauna ya bar ni da zufa. A dokar da aka bi ranar, kuskure ɗaya yana ba abokin karawa bugu biyu, kuma da kuskurena ya yi ta cin abinci har ya tashi da 4 da 1.

Amma ba kayen ne ya tsaya mini a rai ba. A zagaye na uku na karawarmu, yana sunkuye zai buga, sai ya miƙe ya ce ya yi laifi, hannun rigarsa ya taɓa wata ja. Ban gani ba, babu alƙali a teburinmu, ƙwallon ma ba ta motsa yadda ido zai kama ba. Ya ja da baya ya ba ni tebur. Zagaye ɗayan da na ci shi ke nan. A rumfar bayan tasha na sha ganin an karya sanda a kan abin da bai kai wannan ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zan ce su mutanen kirki ne mu kuma 'yan rigima. A nan gidan sunuka na asali mashaya ce. Yawancin ƙungiyoyin da muke karawa da su sunan gidan giya suke ɗauke da shi, ni da abokaina biyu 'yan Pakistan lemo muke riƙewa har a tashi. A Blackpool ma, bayan an rufe wasan yini, na ga an koma wani lungu ana buga na kuɗi, fam ɗari-ɗari a ajiye kan tebur. Duk abin da Baba ya ji mini tsoro yana nan, har ya fi na Funtua yawa da tsada. Baba ya san abin da yake gani.

Bambancin, a ganina, takarda ce. Kowane ɗan wasa a gasarmu ta Talata sunansa na rubuce, da wasan da ya ci da wanda aka ci shi. Akwai kyaftin, akwai ranar fara kaka da ranar rufewa, akwai 'yan kwamiti da za su dakatar da kai idan ka zagi mutum ko ka ƙi zuwa. Tsohon direban nan shekara da shekaru yake haɗuwa da mutanen zauren, sunansa ya fi masa wasa ɗaya daraja. Yaron da ke buga na naira 200 da wanda ba zai sake gani ba, me zai sa ya tona kansa? Sannan takardar tana da matakala: daga unguwa zuwa gunduma, daga gunduma zuwa ƙasa. An daɗe ana yin gasar duniya ta wannan nau'in a Blackpool ɗin nan, kuma Mark Selby, wanda ya ci kofin duniya na sunuka sau huɗu, ya fara ɗaukar na ful ne a 2006. Namu yaron komai iyawarsa, iyakarsa a ce ya gagara a layinsu.

Da aka fitar da ni tun ranar Asabar da azahar, sai na samu sararin ganin gari. Hasumiyarsu, wadda aka buɗe a 1894 ana kwaikwayon ta Faris, tsawonta mita 158 ne, a can sama akwai wurin da aka shimfiɗa gilashi a maimakon daɓe. Yara na tsalle a kai, ni kuwa ƙafa ɗaya na ɗora na janye, na ce wanda ya yi ta zagaye tebur da kuri tun safe ya isa haka. Da dare muka hau taragon lantarki da ke bin bakin teku tun 1885, muka kalli fitilun da ake jerawa na tsawon kusan kilomita 10. A 1879 aka fara su da fitila takwas kacal, yanzu kwan lantarkin ya haura miliyan. Ɗan Najeriya ba zai ga wannan bai yi tsaki ba, kowa ya san dalili, ba sai na faɗa ba.

Jakunan ne suka gama da ni. A kan rairayin bakin teku ana ɗora yara a jaki da kuɗi, kowane jaki da sunansa a rubuce a linzami. Mai su ya ce mini dokar gari ta ba su hutun awa ɗaya na cin abincin rana, ba a ɗora musu wanda ya wuce kusan kilo 50, likitan dabbobi na duba su duk shekara, kuma ranar Juma'a ba sa aiki. Na tuna jakunan da ke ɗauko yashi a garinmu, na ce Allah sarki, ashe har a jakuna akwai 'yan gata.

Garin nan ma'aikatan masaƙun auduga na Lancashire ne suka raya shi. Kowace shekara akan rufe masaƙun gari guda na mako ɗaya, ma'aikata su cika jirgin ƙasa su zo shan iskar teku. Masu masaƙun nan ne suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester a 1902 don neman auduga a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka, ita ce ta kafa injin gurzar auduga a Funtua, har yau sunan bai ɓace a bakin mutanen garin ba. Kakana ya noma auduga ya kai awo. Ina tsaye a kan gadar katako da ta shiga cikin teku, ina kāre soyayyen dankalina daga tsuntsayen da ke fizge abinci a hannu, sai na ji kamar ina da 'yar ladar gini a wurin.

Masaƙun sun mutu, Turawa sun koma hutu a Sifen, kuma in ka bar bakin teku da layi biyu za ka ga abin da ya biyo baya. Na bi ta nan ina neman masallaci: shaguna a rufe da katako, tsofaffin masaukai an mayar da su ɗakunan haya, mutane a zaune a bakin ƙofa da rana tsaka idanu sun juye. A ƙididdigar gwamnati ta 2019, takwas daga cikin unguwanni goma mafi talauci a Ingila a Blackpool suke. Abin da ke riƙe da otal-otal ɗin idan sanyi ya shigo shi ne irinmu: 'yan sunuka wannan mako, masu rawa wani mako, a watan Janairu kuma masu kiwon tattabaru daga ko'ina a ƙasar. Garin ba ya raina wasan kowa, tunda kowane wasa da gadon kwana yake zuwa.

Ba sai mun zo Turai koyon wannan ba ma. Nijar ta ɗauki kokawar da ake yi a dandali bayan girbi, tun 1975 ta yi mata doka da alƙalai da takobi, kowace shekara a kai ta wata jiha, gari ya cika ya batse, mai tuwo da mai masauki kowa ya samu. Babu wanda ke ce wa ɗan kokawar da ya ɗauki takobi ɗan iska. Teburan sunuka sun riga sun cika garuruwanmu, bulala ba ta rage ko ɗaya ba, ni shaida ne. Gara a ce masu tebur takwas a gari ɗaya su haɗu, a sayi littafi mai layi, a rubuta sunaye, a hana caca da hayaƙi ranar gasa, a tashi in an kira salla, a nemi wani dattijo ya miƙa kofi.

A hanyar dawowa na kira ɗan yayata, wanda na san yana bugawa a ɓoye kamar yadda na yi. Na zayyana masa duk wannan, har na ce kofin da riguna a wuyana. Ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "To Kawu, kuɗin rajistar wa zai riƙe?"

Na ce mai tebur mana.

"Tab. Kawu ka daɗe ba ka zo gida ba."